Har Yamai Neman Hayaƙi

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A gareji tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, ko goro na tsaya saye sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Lawal, wai da gaske ne ka bar Funtua ka tafi ƙasar da ba itace ka sayo itace?" Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har an kai ga cewa wai a jirgin sama na tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in koma kan aikina.

Ni makaniken tarakta ne, amma gidanmu gidan fawa ne. Mahaifina, wanda gari ke kira Baba Mai Banda, ya haura shekara arba'in yana kyafa nama a wani rami da ke bayan gidanmu. Direbobin da ke ɗaukar auduga zuwa kudu ba sa tashi sai sun biyo ta wajensa, don bandarsa tana daɗewa a jaka ba ta canza ba. Hayaƙin ramin nan shi ya ciyar da mu, shi ne kuma ya ci masa ido. Bara da kaka ƙanwarsa, Goggo Hansai, ta matsa masa suka je wajen likita. Likita ya ce idon hagu ya kusa tafiya, na dama kuwa zai tsira in ya rabu da hayaƙi. Baba ya dawo gida, ya tuɓe babbar riga, ya koma bakin raminsa.

A daidai lokacin wani Bature da muke aikin gona tare zai koma ƙasarsu, ya fito da kayansa gwanjo. A ciki na ga wani akwatin ƙarfe da ya kai ƙirjina, mai ƙofa irin ta firji da wayar lantarki. Ya ce na kyafa nama ne. A jona shi, a zuba guntayen itace a wani ɗan kwano da ke ƙasa, ƙarfen ciki ya yi zafi ya riƙa turara su, hayaƙin ya zauna da naman a rufe, ɗan abin da ya rage ya fita ta bututu can sama. Ba mai zama yana fifita wuta yana hawaye. Na saya ko ciniki ban yi ba. Sai da Baturen ya tafi na gano ragar shimfiɗa nama saura ɗaya cikin huɗu, allurar da ke nuna zafi ta karye, buhun itacen da yake zubawa kuma ya ƙare.

A nan dole in faɗi abin da ya ɗaure ni. Ni ɗan fari ne, Baba kuwa mutumin da ne. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana baki da baki ba. In na gaishe shi da safe, "Uhm" ne rabona, yana duban wani wuri. In yana da saƙo, Goggo yake gaya wa, ko da ina tsaye taku uku daga gare shi. Sunana a bakinsa "makaniken nan", tun ranar da na ajiye wuƙa na ɗauki sifana. Ƙannena kuwa duk mata ne, kowacce tana gidan mijinta.

Na fara gwaji da kaina. Na ɗebo dusar katako a wajen kafinta, ashe ta maɗaci ce, nama ya fito da ɗacin da ko kare ya sunsuna ya wuce. Na gwada dogonyaro, ya fi na farko muni. Na gwada ɗanyen reshen mangwaro, nama ya yi baƙi ƙirin yana tsami. Kowanne Goggo ta kai wa Baba, ya kai hanci, ya ajiye. A na uku ya ce mata, "Gaya wa makaniken nan, ranar da akwatinsa ya fitar da bandar da zan miƙa wa masu sayena ban ji kunya ba, ranar zan tashi daga ramin nan."

Na leƙa tarin itacensa, na tarar duk an fere ɓawon an faskara, ni kuwa da hancina ya yi shekara ashirin cikin baƙin mai ban iya raba marke da kanya ba. Na roƙi Goggo ta tambaye shi wane itace yake sawa. Ta je ta dawo tana gyara ɗaurin zani ta ce, "Ya ce akwatin ba Bature ne ya ƙera shi ba? Wai a tambayi Bature." Haushi ya turnuƙe ni, na ce to, za a tambaya.

Zangona na farko Malumfashi, gidan Baba Istifanus, tsohon kukun Turawan mishan, wanda nake gyara wa injin niƙa. Na nuna masa 'yar takardar da ta zo da akwatin. Ya sa tabarau ya duba hotunan itatuwan da ke ciki, ya ce ko ɗaya ba ya fitowa a ƙasar nan, amma a Yamai akwai kantin Faransawa da ke kawo su a buhu, kuma yana da aboki can, Hamani, kuku a wani otal na bakin kogi, mai aiki da irin wannan akwati. Ya rubuta mini wasiƙa zuwa gare shi.

Matarsa, Mama Rahila, ta ajiye mana tuwon masara da miyar kuɓewa ta tsaya a kaina.

"Malam Lawal, daga ɗakinka zuwa ramin babanka taku nawa ne?"

Na ce, "Bai fi ashirin ba, Mama."

"To Yamai fa?"

Baba Istifanus ya ce, "Ke rabu da shi, ba ki san gidansu ba."

Ta ce, "Na sani sarai, mu ma a haka muka taso. Ina dai tambaya ne." Ta ƙara mini miya. Na ci tuwon nan raina a ɓace, amma na cinye, don ya yi daɗi.

Washegari na kama motar Katsina, daga nan Jibiya, sai bakin iyaka. A ɓangarenmu an yi 'yar gaisuwa da barkwanci aka buga hatimi muka wuce. A ɓangarensu na gane na bar gida. Aka sauke mu duka, aka jera mu a rana, wani mai kaki ya bi ya karɓe takardun kowa har da katin allura. Ya sara mana da ladabi, ya shiga ofis da takardun, ya rufe ƙofa. Ashe lokacin cin abincinsu ne, kuma a ƙasar in lokacin abinci ya yi ko gwamna ne kai sai ka jira. Muka nemi inuwar mota muka rakuɓe har aka yi azahar. Da ya fito ya zo kaina ya tambayi abin da zai kai ni Yamai, na ce ziyara, don bakina ya ƙi furta gaskiya.

A Maraɗi na sauka a wani gidan baƙi kusa da tasha, ɗaki ɗaya mu shida da buhunan albasar wani ɗan kasuwa. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar muciya, da ɓawo mai tauri. Na gatsa irin yadda muke gatsar namu, ya yanke mini dasashi. Mai masaukin ya dube ni ya ce, "Malam, tsoma shi akai cikin ruwan zahi." Shayinsu kuma a wani ɗan kofin gilashi ake ba ka, kurɓa biyu ya ƙare, sai ka zauna jiran zagaye na biyu da na uku, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Saura kaɗan motar Yamai ta bar ni saboda ladabi. Furarsu dai, gaskiya, ta fi tamu, ko da yake ba zan faɗi haka a gaban matata ba.

Motar akori-kura ce mai benci biyu da rumfar tamfol. Gwiwata tana cikin gwiwar wani tsoho, ƙafata a kan kwandon zabin wata mata da ke duban takalmina duk lokacin da na motsa. Mun wuce Birnin Ƙonni da kaɗan sai salansa ta faɗo tana jan ƙasa. Direba ya sauka ya tsaya yana kallonta hannu a ƙugu. Da na yi shiru da na zauna lafiya, amma bakina ya ce ni makanike ne. Nan take aka shimfiɗa mini buhu a ƙarƙashin mota. Na nemi wayar ɗauri babu, na laluba aljihu na ji wata, na ɗaure salansar tamau, kowa ya sa mini albarka, mai zabi ma ta yi murmushi. Sai da muka kusa Dosso na tuna wace waya ce. Ita ce na lanƙwasa daidai tsawo da faɗin ragar akwatina, don in auna sababbi da ita. Ban gaya wa kowa ba, na dai zauna ina zagin kaina a zuci har Yamai.

Yamai gari ne mai tsabta da tituna masu faɗi, da kogin da ban taɓa ganin irinsa ba. Zabarmanci ya fi yawa a bakin mutane, amma da Hausa ba ka ɓata. Na sami Hamani a ƙofar bayan otal, wani siririn dattijo da farar hular kuku. Ya karanta wasiƙa, ya tambayi lafiyar Istifanus da ta Rahila da ta injin niƙa, ya kai ni gidansa ya ba ni ɗaki. Kwana huɗu na yi a gidan, kullum shinkafa da kifi, sai dambun zogale da suke kwaɗawa da ƙuli. A kasuwarsu na ga mahauci yana ɗora nama a sikeli, ba kashi-kashi ba, ba gyara, ba taɓa tsoka a ji laushinta. Na ce a raina da Baba ya ga wannan da ya yi mako bai ci abinci ba.

Kantin Faransawan ya ba ni wahalar da hanya ba ta ba ni ba. Ranar farko na iso rana tsaka, daidai suna ja da ƙofa. A garin kowa rufewa yake ya tafi ya kwanta sai wajen la'asar, kamar babu abokin ciniki a duniya. Na dawo da la'asar aka ce mai makullin ɗakin ajiya ba ta dawo ba. Rana ta biyu Lahadi ce. Ina zaune a gidan mutane ina ƙirga kwanaki, na san kowace safiya Baba yana can yana tsugunne cikin hayaƙi.

Ran Litinin Hamani ya raka ni. Mai kantin wata Baturiya ce da ba ta jin Hausa ba ta jin Ingilishi, shi yake fassara. Ta jera mini buhuna huɗu ƙanana, kowanne da hotonsa. Ɗaya da hoton tuffa. Ɗaya da hoton wani ɗan ƙwallo mai hula a kansa. Ɗaya da ganye kawai. Na huɗu ba hoto, guntayen cikinsa jajaye ne. Na bi su ina sunsunawa ina gyaɗa kai irin na wanda ya sani, alhali ukun farko duk ƙamshin sabon kabad na ji. Na huɗun ne ya yi mini, ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, na rungume shi na ce wannan.

Hamani ya ce, "Aje wanga."

"Me ya sa? Shi ya fi ƙamshi."

"Gangar giya ce aka hwasa. Ƙamshin da kaka ji, nata ne."

Na ajiye shi da sauri na goge hannu a riga. Ka ji fa, in yi tafiyar kwana uku in kai wa Baba bandar giya ya miƙa wa alhazai. Daga nan na daina nuna iyawa na bar Hamani ya yi bayani. Ya ce na tuffa hayaƙinsa sanyi gare shi, ya dace da kaza da kifi. Mai ɗan ƙwallo da hula yana da nauyi, na naman shanu ne, amma in ya yi yawa sai ya danne naman. Mai ganye tsaka-tsaki ne, ba ya gyara ba ya ɓatawa. Na ɗauki na tuffa da mai hula.

Sai Baturiyar ta shiga fito da tarkace. Safar hannu, bantan girki, burushi, almakashi, har da wata babbar sirinji wai ta yi wa nama allurar ruwan gishiri. Na ce wa Hamani ya tambaye ta, dabbar da aka riga aka yanka wace allura kuma za ta yi mata amfani? Ya ƙi fassarawa. Ya ture tarkacen gefe ya ce abu huɗu nake bukata: raga, ƙugiyoyin rataya, kwanon tarar maiƙo don kada ya ɗiga kan ƙarfen zafi ya kama wuta, da allurar zafi. Ya tambayi girman ragar tawa. Na ware hannuwa na ce kamar haka. Ya tambayi ko ban auno ba, na ce labarin dogo ne.

Da muka fito muka zauna a bakin kogi inda masunta ke kyafa kifi. Hamani ya dube su ya ce shi kansa ba ya zuba iccen kanti sai in mai otal yana tsaye. Sannan ya tambaye ni wa ya koya mini banda. Na ce ba wanda ya koya mini, amma mahaifina sana'arsa ke nan shekara arba'in, kuma na ba shi labarin idon.

"To mi ya ce maka game da icce?"

Na ce ban tambaye shi ba. Na shirya jin dariya, amma bai yi ba. Ya dube ni ya ce:

"Kai ɗan hwari ne."

Na ce e.

Ya ce, "Ni ma. Ubana masunci ne, har ya rasu bai yi mini magana ba. Amma kullum shina yi wa jirginmu hwaɗa. Sai ya ce, kai jirgi, wanda ya ɗaure ka da wanga ƙulli bai san ruwa na tashi ba. Ni ko ina zaune ina ji. Duk kamun kihin da na iya, wajen jirgi na koye shi."

Na tambaye shi yadda aka fara. Ya ce shi da kansa ya fara, ranar da taru ya ƙi masa, ya gaji ya tambayi jirgin da ƙarfi. Na yi masa godiya don dattijo ne kuma ina cin shinkafarsa, amma a raina na ce ni da gemuna da 'ya'yana ba zan tsaya a tsakar gida ina hira da ƙarfe ba.

A dawowa asirina ya tonu a bakin iyaka. Na ɓangarensu ya buɗe buhu ya ce an hana fitar da icce daga ƙasarsu, ina takardar izinin sara? Na nuna masa hoton tuffa na ce ya taɓa ganin wannan bishiya a Maraɗi? Ya juya buhun, ya karanta Faransancin da ke jiki, ya sallame ni ba don ya so ba. Na ɓangarenmu kuwa ya zura hannu har gwiwa yana neman abin da na ɓoye a ƙasa. Da bai samu ba ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

"Itace."

"Na magani?"

"Na hayaƙi."

"Kai mutumin ina ne?"

Na ce Funtua. Ya kira abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo sai a sa in sake faɗa. Ɗaya ya ce garinsu Dandume, in na rasa itace in je gonar babansa in ɗiba kyauta. Wani ya roƙi cikin tafi ɗaya ya kai wa matarsa ta gwada a turaren wuta. Direbanmu yana tsaye yana ji, kuma ta bakinsa ne labarin ya riga ni isa gida.

Kwana goma sha ɗaya na yi. Na tarar da Goggo a zaure, ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "Idon hagu ya rufe, yau kwana huɗu." Na ajiye buhunan na zauna a kansu. Na ji haushin Baba, na ji haushin Baturen da ya sayar mini da akwati, na ji haushin masu rufe kanti da rana, amma wanda na fi ji nawa ne. Na leƙa ciki na gan shi a ƙarƙashin rumfa, an ɗaure masa ido ɗaya da farin ƙyalle, ramin kuma yana ci a bayansa.

Ragogin sun fi akwatin faɗi da yatsa biyu, sai da maƙerin unguwarmu ya rage su, yana cewa da na zo tun farko da ya ƙera mini huɗu kafin azahar. Washegari da safe na sayo cinyar sa, na yanka, na barbaɗa gishiri, na jera, na cika kwano da mai hula, na jona. Da la'asar na buɗe. Nama ya yi kyau a ido, ja mai sheƙi. Goggo ta kai wa Baba. Ya sunsuna, a karon farko ya kai baki ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Sai ya miƙa mata kwanon ya ce, "Naman Bature ne." Ya fara laluben sandarsa zai koma rami.

Ban san lokacin da na kai wa akwatin nan shuri ba. Na tsaya a gabansa na ce da ƙarfi, "Kai akwati, na gaji da kai. Na ba ka maɗaci ka yi ɗaci, na ba ka mangwaro ka yi tsami, na je har Yamai na kawo maka na ƙasarku ka ƙi. Ido ɗaya ya tafi ina yawo a kanka. Me kake so in ba ka?"

Goggo ta tsaya da kwano a hannu. Na ji kunya ta rufe ni, na tsaya ina duban bututun hayaƙi. Can sai na ji sanda ta koma ƙasa, Baba ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Kai akwati, ba laifinka ba ne. An cusa maka nama da danshinsa. Nama sai ya sha iska a inuwa har ya yi danƙo a yatsa, sannan hayaƙi ke kama shi. In ba haka ba tsami zai yi, ko itacen Makka aka ƙona."

Na ce, "To akwati, in ya sha iskar, wane itace?"

"Marke. Busasshe, wanda ya shekara, a fere ɓawon, don ɗaci a ɓawo yake. A sa gwaba kaɗan saboda ƙamshi. In an kusa saukewa a jefa totuwar masara biyu, ita ke ba da launi. Kuma a yayyafa wa itacen ruwa, turara ake so, ba ci ba." Sannan ya ce, "Kai akwati, ina abin da aka ɗauko maka daga Yamai?"

Goggo ta kai masa buhunan. Ya ɗebi na tuffa ya murza ya sunsuna, ya tauna guntu ɗaya, ya ce wannan ɗan'uwan gwaba ne, a bar shi. Ya ɗebi mai hula ya ce wannan ƙarfi gare shi kamar taba gari, in za a sa, kashi ɗaya cikin huɗu.

Washegari ya sa aka ja tabarmarsa zuwa gefen akwatin, ta inda iska ba ta kawo hayaƙin bututu. Yakan ɗora bayan hannunsa a ƙofar ya ce, "Akwati, ka yi zafi." In duba allura in ce, "Akwati, ka wuce jan layi," in rage. Ko sau ɗaya hannunsa da allurar ba su saɓa ba. Da aka ɗauke wuta da rana, akwatin ya sha faɗan da ni ban taɓa sha ba. Gwaji na farko ya ce gwaba ta yi yawa. Na biyu ya ce an yi gaggawar buɗewa. Na uku ya tauna, ya sa Goggo ta zuba a faifai ta kai zaure. Direbobi biyu suka saya suka ci a tsaye, ɗaya ya ce, "Baba, hannunka dai ba ya tsufa."

Da suka tafi ya dawo ya zauna a tabarma. Ina tsugunne ina wanke kwanon maiƙo. Ya ce, "Kai akwati, a cike ramin can da ƙasa, kada akuya ta faɗa." Na tashi na ɗauki shebur. Na yi taku biyu sai na ji ya ƙara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Akwati, mutumin da ya je har Yamai saboda idon tsoho, Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa."

Shekarata talatin da shida ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na tsaya riƙe da shebur, ban iya juyawa ba, idona ya cika, ga shi ba hayaƙin da zan ɗora wa laifi. Na dubi akwatin nan da na shura kwana biyar da suka wuce, na ce masa amin.